Kwali a Hannu, Murya ta Aro: Nazari a Kan Bidiyon Bikin Kirsimeti na Ɗaliban Kwinhagak

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin wani gajeren bidiyo da ɗaliban firamare na ƙauyen Kwinhagak da ke jihar Alaska ta Amurka suka shirya a shekarar 2010, a matsayin aikin makaranta na lokacin bikin Kirsimeti. An dubi asalin waƙar da aka ɗora hotunan a kanta, da dabarar da aka bi wajen ɗaukarsu, da abin da aikin ya dace da shi, da kuma inda ya gaza. Sakamakon nazarin shi ne cewa bidiyon ya yi nasarar nuna fuskar ƙauyen, amma ya bar muryarsa a waje. Daga nan aka auna wannan giɓi da ma'aunin hadisin kuyangi biyu masu waƙa a ranar Idi, domin amfanin malamai da ɗaliban da ake ɗora wa irin wannan aiki.

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2010, 'yan aji biyar na makarantar Kuinerrarmiut Elitnaurviat suka haɗa wani bidiyo na 'yan mintoci tare da malaminsu. Aikin darasin kwamfuta ne, kuma mutanen yankinsu aka yi niyyar nuna wa. Da aka ɗora shi a YouTube sai ya tsallake ƙauyen, ya tsallake Alaska, har adadin kallonsa ya haura miliyan ɗaya. Abin da ke cikinsa bai da wuyar bayani: ana jin sautin wata tsohuwar waƙar coci, yara da manya kuma suna ɗaga kwalaye da aka rubuta kalmomin waƙar a kansu, kowane kwali daidai lokacin da aka furta kalmarsa.

Mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi dalilin kawo aikin yaran da ba Musulmi ba, a kan bikin da ba namu ba, cikin mujalla irin wannan. Dalilai biyu ne. Na farko, nazarin addinai bai tsaya kan littattafan aƙida kaɗai ba. Ya haɗa da yadda mabiya ke bayyana abin da suke girmamawa, kuma a wannan zamani kyamara ta shiga cikin hanyoyin bayyanawar. Na biyu, makarantunmu sun fara ɗora wa ɗalibai aikin shirya bidiyon Sallah, alhali ba mu da wani ma'auni da muke auna shi da shi, in ban da tambayar da muka saba, wato ko akwai kiɗa a ciki ko babu. Auna aikin da ke nesa da mu ya fi sauƙi, domin zuciya ba ta da abin karewa a cikinsa.

Ya wajaba a faɗa tun farko cewa aƙidar da waƙar ke ɗauke da ita game da Annabi Isa (alaihis salam) ta saɓa wa aƙidar Musulunci, kuma maganar malamai a kan shiga bukukuwan wasu addinai sananniya ce. Ibn Taimiyya ya faɗaɗa ta a Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim. Abin da ake nazari a nan shi ne aikin a matsayinsa na aiki, kuma adalci ga mai aiki wajibi ne ko da an saɓa da shi a aƙida.

2.0 Ƙauyen da Waƙar

Kwinhagak ƙauye ne na al'ummar Yupik, a bakin kogin Kanektok kusa da tekun Bering. Ƙidayar shekarar 2010 ta nuna mazaunansa ba su kai 700 ba. Babu hanyar mota da ta haɗa shi da wani gari, sai dai a je ta jirgin sama ko ta ruwa, ko a bi ta kan ƙanƙara da hunturu. Kamun kifi da farauta su ne ginshiƙin rayuwar mutanensa. Kiristanci ya iso yankin ta hannun 'yan mishan na cocin Morabiya, waɗanda suka kafa sansaninsu a Betel a shekarar 1885, shekara 18 bayan Amurka ta sayi Alaska daga hannun Rasha.

Ita kuwa waƙar, yanki ce daga wani dogon aiki mai suna Messiah, wato Almasihu, wanda George Frideric Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan, ya tsara kiɗansa cikin kwana 24 a shekarar 1741. Charles Jennens ne ya tsamo kalmomin daga Baibul. An fara gabatar da aikin a birnin Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742, a wani taron tara kuɗin agaji ga asibitoci da fursunonin bashi. Yankin da yaran suka ɗauka, wanda aka fi sani da amshin Halleluya, kalmominsa daga littafin ƙarshe na Sabon Alkawari suke, wanda fassarar Hausa ke kira Wahayin Yahaya, babi na 11 da na 19.

Akwai abubuwa biyu a tarihin wannan waƙa da suka shafi nazarinmu. Na ɗaya, asalinta ba ta Kirsimeti ba ce. Messiah kashi uku ne. Labarin haihuwa yana kashi na farko, shi kuwa wannan amshi shi ne ya rufe kashi na biyu, wanda ya ƙunshi aƙidarsu ta gicciyewa da tashi da ɗaukaka. A zamanin Handel da bazara ake gabatar da aikin, wajajen Ista. Daga baya ne al'ada ta janyo shi zuwa Disamba. Na biyu, lokacin da aka kawo shi Landan a 1743, an sami masu addini da suka yi inkarin rera nassi mai tsarki a gidan wasan kwaikwayo, ta bakin mawaƙan da wasa ne sana'arsu. Ashe tambayar ko ya halatta a fitar da kalmar ibada daga wurin ibada zuwa dandalin nishaɗi ta bi wannan waƙa tun daga haihuwarta, kuma tambaya ce da ɗalibin fiƙihu ba zai ji ta baƙuwa ba.

3.0 Abin da Bidiyon Ya Dace da Shi

Dabarar ɗaga kwalaye ba yaran Kwinhagak suka ƙago ta ba. Kafin su, an san wani wasa da ɗalibai ke yi a Amurka, inda suke shigar sufayen coci masu alwashin yin shiru, su jeru a kan dandamali suna ɗaga kalmomin wannan waƙa don ban dariya. Abin da yaran suka ƙara shi ne sauke dabarar daga kan dandamali zuwa cikin gari. Kwalayen sun fita waje kan dusar ƙanƙara, sun shiga kanti, sun tsaya a ƙofar gidaje, sun koma hannun dattawa da ma'aikata. Da wannan sauyi guda ma'anar wasan ta canza: a wurin masu shigar sufaye kwali abin raha ne, a nan kuwa ya zama hanyar gabatar da mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ita ce nasarar farko, kuma ba ƙarama ba ce. Yawancin bidiyon ɗalibai na lokacin biki yana ɓoye wurin da aka yi shi. Ana neman kusurwar da ta fi kama da abin da ake gani a talabijin, a kauce wa duk abin da zai tona asirin talauci ko ƙauyanci. Wannan bidiyo bai ji kunyar ƙauyensa ba. Gidajen kamar yadda suke, tufafin sanyi kamar yadda ake sa su, hasken rana mai rauni irin na Disamba a can arewa, duk an bar su. Saboda haka waƙar da ke zancen sarauta da mulkin duniya ta sauka a kan wuri mafi ƙanƙanta da nisa, kuma daga wannan karo tsakanin girman lafazi da ƙanƙantar wuri ne aikin ya sami tasirinsa. Malaman balaga sun san cewa abu yana ƙara fitowa idan aka jera shi da kishiyarsa.

Nasara ta biyu ta shafi koyarwa. Ba zai yiwu yaro ya ɗaga kwali a kan lokaci ba sai ya saurari waƙar sau da yawa, ya san inda kalma ke shiga da inda take fita. Handel ya gina amshin a kan muryoyi huɗu, biyu na sama biyu na ƙasa; wani lokaci sukan furta kalma tare, wani lokaci kuma kowace ta bi hanyarta suna shiga cikin juna, sannan gab da ƙarshe a yi tsit na ɗan lokaci kafin rufewa. Mai haɗa hotunan dole ya yanke shawarar muryar da zai bi a wurin da suka sarƙe, ya kuma daidaita yankan hoto da bugun sauti. Yaro ɗan shekara goma da ya sa hannu a wannan aiki ya koyi sauraro da haƙuri da aiki tare, waɗanda su ne maƙasudin darasin, ba yawan masu kallo ba.

Wasu masu kallo sun tsaya kan wani kuskuren rubutu da ya bayyana a kwalayen, inda aka sa ɗan waƙafin nan na sama da Turanci ke nuna mallaka da shi a wurin da jam'i ake nufi. Kuskure ne, kuma da an duba kafin ɗauka da an gyara. Sai dai wanda ya tsaya nan ya kama reshe ya bar tushe, domin aibin aikin na gaskiya yana wani wuri.

4.0 Inda Aikin Ya Gaza

Kalmar halleluya Ibrananci ce, ma'anarta umarni da yabon Ubangiji. Masana harsunan Samiyawa suna danganta tushenta da tushen Larabci na ha da lam da lam, wanda daga cikinsa aka sami ihlali, wato ɗaga murya da talbiyya, da istihlali, wato kukan farko na jariri. Ɗaga murya yana cikin asalin kalmar. To, a wannan bidiyo muryar da aka ɗaga ba ta ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake gani ba ce. Sautin na wasu ƙwararrun mawaƙa ne da aka naɗa a wani wuri, harshen kuma Turanci ne irin na fassarar Baibul ta ƙarni na 17. Mutanen Kwinhagak suna da harshensu, har sunan makarantar da shi aka raɗa, suna kuma da waƙoƙin coci da aka daɗe da mayarwa cikinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sami shiga.

Mai kare aikin zai ce ai shirun shi ne dabarar, kuma da yaran sun rera da kansu da ba a sami armashin da aka samu ba. Wannan gaskiya ne ta fuskar jan hankalin baƙo. Amma tarihin ƙauyen yana sa shirun ya yi nauyin da masu shirya bidiyon ba su nufa ba. 'Yan mishan na Morabiya sun hana raye-raye da waƙoƙin gargajiya na Yupik a yankunan da suka yi ƙarfi, suna ganinsu ragowar maguzanci, kuma a Kwinhagak an shafe fiye da shekara 100 ba a yin su. Sai bayan da aka fara tonon tsohon mazaunin Nunalleq kusa da ƙauyen a 2009, tare da masana daga Jami'ar Aberdeen, kayan kakanni suka riƙa fitowa daga ƙasa, sannan a 2013 matasan garin suka sake tsayawa suka yi rawar gargajiya a bainar jama'a. Bidiyon ya faɗo tsakanin waɗannan shekaru biyu. Wanda ya san haka, idan ya ga yaran riƙe da kalmomin wasu, ana rerawa da muryar wasu, zai ga hoton wani abu da ya wuce wasan Kirsimeti.

Ba ana nufin a ɗora wa malamin aji biyar alhakin ƙarni guda ba ne, ba kuma ana musun cewa mutanen ƙauyen sun karɓi addinin da waƙar a matsayin nasu ba. Abin da ake cewa shi ne, aikin ya nuna wa duniya yadda Kwinhagak take, bai jiyar da ita yadda take magana ba, kuma mai kallo daga nesa yana tashi ne da sha'awar fuskoki, ba da sanin mutane ba.

Akwai wasu mas'aloli biyu da suka biyo bayan wannan. Ta farko ita ce haƙƙin sautin. Tsarin kiɗan Handel ya tsufa har ya zama na kowa, amma kowace naɗa ta zamani tana da masu ita. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, don haka wannan ba lamarin dokar Turawa kaɗai ba ne. Ta biyu ita ce amanar fuskokin yara. Yardar da uba ya bayar a nuna ɗansa ga maƙwabta ba ita ce yardar a nuna shi ga miliyoyin baƙi har abada ba. A Kwinhagak abin ya zo da alheri, amma dace ba ya zama ƙa'ida.

5.0 Ma'auni Daga Hadisin Ranar Idi

Marubucin wannan muƙala ya taɓa zama cikin masu duba ayyukan ɗalibai na bidiyon Sallah a wata makarantar sakandare. Kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi: a ɗauko waƙar fim ko nashidar Larabci da aka naɗa a wata ƙasa, ɗalibai su yi ado su riƙa motsa baki a kanta. Muhawarar da ta tashi tsakanin masu dubawa ba ta wuce batun kayan kiɗa ba. Wanda ya ɗora nashida marar kiɗa ya tsira, wanda ya ɗora mai kiɗa ya sha faɗa, alhali ta fuskar aro duk jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Saɓanin malamai a kan kiɗa da waƙa tsoho ne. Ibn Abid Dunya ya tattara abin da ya zo na zargi a Zammul Malahi, Ibnul Ƙayyim ya tsananta a Igasatul Lahfan, Ibn Hazm ya raunana hadisan hani a Muhalla, Imam Gazali kuma ya yi tafsili a babin ladubban sauraro na Ihya'u. Wannan muƙala ba za ta yanke abin da waɗannan suka bari a buɗe ba. Sai dai akwai nassin da dukkansu suka tsaya a kansa, wato hadisin Nana A'isha (Allah Ya ƙara mata yarda) da Buhari da Muslim suka ruwaito, game da kuyangi biyu na Ansar da ke waƙa a ɗakinta ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya umarce shi da ya ƙyale su saboda ranar biki ce.

An fi karanta wannan hadisi don neman hukunci, amma siffar abin da aka ƙyale ɗin ma tana da darasi. Nana A'isha ta bayyana cewa yaran ba mawaƙa ba ne na sana'a. Abin da suke rerawa kuma baitocin da mutanensu suka yi ne a kan yaƙin Bu'as, wanda aka gwabza tsakanin Ausu da Hazraju 'yan shekaru kafin hijira. Ke nan muryarsu ce, harshensu ne, labarin gidansu ne. Idan aka auna bidiyon Kwinhagak da wannan siffa, za a ga ya cika sharaɗin rashin ƙwarewa da na farin cikin biki, ya rasa na murya. Bidiyon ɗalibanmu na motsa baki kuwa yakan rasa muryar, ya kuma rasa wurin, tunda ko unguwarsu ba sa son ta fito.

Abin da ya kamata a ara daga Kwinhagak shi ne fita da kyamara cikin gari: filin idi, tuwon Sallah da ake kai wa maƙwabta, tela da ya kwana a kan keke, yara masu yawon barka da Sallah. Abin da ya kamata a ƙara shi ne sautin wurin. Ƙasar da ta gaji waƙoƙin Nana Asma'u da aka koyar da mata da su a ƙauyuka, da Imfirajin Aliyu Namangi da ake rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, da waƙoƙin tashe da na Islamiyya, ba ta da uzurin aron murya. Ɗalibi ya rubuta baiti huɗu nasa, ko da da ɗingishi a ma'auninsu, 'yan ajinsu su amsa. Wannan ya fi kusa da maƙasudin darasi.

Game da dabarar kwalaye kuwa, akwai gargaɗi na musamman. Hoton yaro riƙe da rubutu ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da allo, kuma malaman Malikiyya sun yi rangwame ga mai koyo ya taɓa allonsa ba da alwala ba saboda buƙatar karatu. Wannan rangwame bai kai ga yayyanka aya gaɓa-gaɓa don ta dace da bugun sauti ba. Malaman waƙafi da ibtida'i, irin su Abu Amr Addani, sun yi bayanin munin tsayawa a inda ma'ana ke juyewa. Kwalin da ya ɗauki rabin farko na kalmar shahada shi kaɗai, kyamara ta tsaya a kansa, ya faɗi kishiyar abin da ake nufi. Sannan a tanadi inda kwalaye masu sunan Allah za su je bayan an gama ɗauka.

6.0 Kammalawa

Bidiyon Kwinhagak aiki ne mai kyau da aka yi da kayan aiki kaɗan, kuma ya cancanci yabon da ya samu saboda gaskiyarsa game da wurin da aka yi shi. Gazawarsa ita ce ya mayar da mutanen ƙauye masu riƙe kalma maimakon masu furta ta, a garin da aka daɗe da rufe bakin waƙarsa. Malamin da zai ba ɗalibai irin wannan aiki, bayan ya tsayar da matsayarsa a kan kiɗa bisa hujjar da ya gamsu da ita, yana da sauran tambayoyi uku da zai yi kafin ya ba da maki: wurin wa ake gani, muryar wa ake ji, kuma da izinin wa aka nuna waɗannan fuskoki. Allah ne Mafi sani.